Jan Katin Sani Kaita da Shirun Marubutan Hausa

Muna roƙon a ba mu ɗan fili a wannan mujalla tamu mai farin jini domin mu yi tsokaci a kan wani bashi da ke wuyanmu, mu marubutan Hausa, wanda muka daɗe muna kau da kai daga gare shi. Mun san waɗansu daga cikin dattawan ƙungiya za su ɗaure fuska da zarar sun ga kalmar ƙwallo a shafin da aka saba tattauna waƙa da zube da wasan kwaikwayo. Muna roƙonsu su yi haƙuri su karanta har ƙarshe, in ya so sai su ɗauko alƙalami su mayar mana da martani, don dama fagen na kowa ne.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, a zangon karatun da ya wuce mun ba ɗalibanmu 'yan aji biyar a nan Kanya Babba aikin insha'i, muka ce kowa ya rubuta tarihin wani ɗan ƙwallo da ya sani. Da muka tattara takardu sai muka tarar kusan duk ajin daga Messi sai Ronaldo, in ban da 'yan ƙalilan da suka ɗauki Ahmed Musa. Yaro zai kawo maka garin da aka haifi Messi a Ajantina, da shekarunsa lokacin da aka kai shi Barcelona, da yawan kofunan da ya ɗauka, ba tuntuɓe ko ɗaya. Sai muka rubuta sunan Sani Kaita a allo, muka ce wa ya san wannan? Aji ya kwashe da dariya. Wani daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai shi ne ya harbi wani aka ba shi jan kati, ya jawo aka cire Nijeriya." Muka ce, to sai me kuma? Aka yi tsit. Yaran nan fa waɗansunsu ana goyon su a 2010, waɗansu ma ba a haife su ba. Ba su ga wasan ba. Dariyar nan a wurinmu suka gaje ta.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, don haka bari mu fara da namu. Ranar Alhamis 17 ga watan Yuni 2010, da misalin ƙarfe uku na rana, muna cikin waɗanda suka cika gidan kallo, injin yana ta ruri a baya, zufa tana karyo wa kowa. Nijeriya ce da Girka a Bloemfontein, gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu. A minti na 16 Kalu Uche ya ci mana ƙwallo da bugun tazara. A minti na 33 ƙwallo ta fita, aka ɗan yi ture-ture a bakin layi tsakanin Kaita da Vasilis Torosidis, Kaita ya ɗaga ƙafa ya kai masa shuri a cinya, mutumin ya zube yana birgima, alƙalin wasa Oscar Ruiz ya zaro jan kati. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Girka ta farke, a minti na 71 kuma Torosidis ɗin nan da kansa ya ƙara ta biyu. Aka tashi biyu da ɗaya, nasarar farko ke nan da Girka ta taɓa samu a gasar. Abin da bakinmu ya furta a kan bawan Allahn nan a wannan yammaci, Allah ya yafe mana. Bayan kwana biyu zuwa uku kakakin tawagar ya bayyana cewa saƙonnin barazanar kisa da aka aiko wa Kaita sun haura dubu, alhali duniya ba ta manta da Andres Escobar na Kolombiya ba, wanda aka bindige a 1994 bayan ya ci gida.

Ba mu zo wanke shi ba. Ya yi kuskure, kuskure mai tsada, shi ma da bakinsa ya fito ya nemi gafarar 'yan ƙasa. Amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wa ya sauke Shu'aibu Amodu bayan ya kai tawagar gasar, aka ɗauko Lars Lagerback daga Suwidin a ƙarshen watan Fabrairu, saura wata uku da 'yan kwanaki a fara? Kaita ne ya zubar da ƙwallon da Yakubu Aiyegbeni ya zubar a gaban raga fayau a wasan Koriya ta Kudu, lokacin shi yana zaman hukunci? Ruɓewar ta kai har Shugaba Goodluck Jonathan ya dakatar da tawagar ƙasa na shekara biyu, kafin ya janye bayan 'yan kwanaki da FIFA ta yi barazana. Duk wannan an shafe shi, an tattara kayan an ɗora wa mutum ɗaya. Mu kuwa da Allah ya ba alƙalami, waɗanda aikinmu ne mu tsaya mu tantance, muka bar tarihin ɗan'uwanmu a hannun 'yan zolayar majalisa da teburin mai shayi.

To wane ne Sani Kaita in an cire wancan minti ɗaya? An haife shi a Kano ranar 2 ga watan Mayu 1986. Daga Kano Pillars aka gan shi. A 2005, yana ɗan shekara 19, Samson Siasia ya tafi da shi Holan gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, tare da su Mikel Obi da Taye Taiwo, suka kai wasan ƙarshe, Ajantina ta doke su biyu da ɗaya, duka ƙwallayen Messi ne ya ci su da fanareti. A 2008 yana cikin tawagar da ta kai wasan ƙarshe na gasar Olamfik a Bejin, inda Ajantina ta sake yin nasara da ƙwallo ɗaya ta Angel Di Maria. Ke nan lambar azurfa biyu ta duniya Bakanon nan ya rataya kafin ya cika shekara 23. Don Allah a ƙirga mana 'yan arewa nawa ne suka taɓa yin haka a kowane irin fage.

Sai kuma tafiyar. Bayan gasar 2005 Sparta Rotterdam ta Holan ta ɗauke shi, ya yi shekara uku a can. A 2008 Monaco mai buga gasar Faransa ta saye shi, amma maimakon ya zauna sai aka shiga ba da shi aro. A 2009 yana Kuban Krasnodar a kudancin Rasha. A 2010 yana Alania a garin Vladikavkaz cikin duwatsun Kokasas, daga nan ma ya tafi gasar kofin duniya. Bayan gasar aka tura shi Metalist Kharkiv a Yukren. A farkon 2011, ikon Allah, sai ga shi a Iraklis ta birnin Tasalonika, wato a cikin Girka ɗin nan dai, wata bakwai kacal bayan abin da ya faru. Daga nan Tavriya a yankin Kirimiya, sai Olympiakos ta Nikosiya a tsibirin Saifurus, sai gida Nijeriya wajen Enyimba ta Aba a 2014, sai can ƙuryar arewacin duniya, ƙasar Finlan, inda ya taka leda a garin Oulu sannan a Rovaniemi a 2017. Ƙasashe aƙalla bakwai ban da tasa, cikin shekara goma sha biyu.

Ya kamata mai karatu ya fahimci abin da ake nufi da aro, don a nan zuciyar labarin take. Kulob ɗin da ya saye ka shi ke riƙe da kwantiraginka, amma ba ya bukatar ka a fili, sai ya miƙa ka ga wani na wata shida ko shekara ɗaya. Can ɗin ma sun san kai baƙo ne, ba za su gina komai a kanka ba. Kafin ka iya gaisuwa da harshensu, kafin ka gane halin kocin, kafin ka san inda ake sayar da naman da za ka iya ci, wa'adi ya cika, ka naɗe tabarma. In koci ya sauka, wanda ya gaje shi ya zo da mutanensa, ka koma benci. In ka ji ciwo a gwiwa, kasuwarka ta faɗi. Sannan wurin da Kaita yake bugawa, wato tsakiya ta wajen baya, aiki ne irin na ɗan zuga a maƙera: shi zai tare, shi zai ƙwace, shi zai toshe gurbin da wani ya bari, ya miƙa ƙwallo gajere ga wanda za a tafa wa. In ya yi aikinsa daidai ba wanda ya san yana fili, ranar da ya kuskure ce kawai ake kiran sunansa.

Jama'a, mu da muke zaune a wannan yanki na Ɓaɓura da Kazaure da Roni da Gwiwa, wace rayuwa ce wannan in ba ta ɗan ci-rani ba? Kowace shekara da an gama girbi muna ganin samarinmu suna ɗaukar jaka, wani ya nufi Kano, wani Ikko, wani Fatakwal, wani ya bi ta Agadas. Kakanninmu fatake sun bi hanyar Gwanja neman goro, sun kafa zango a duk inda dare ya yi musu. Ɗan ƙwallon da ke yawo daga kulob zuwa kulob jikansu ne, sai dai shi hajarsa ƙafarsa ce, kuma hajar da ba ta wuce shekara goma sha biyar ta ƙare. A kusan shekara 31 Kaita ya kai ƙarshen wannan fataucin, shekarun da malamin makaranta bai ma kai rabin aikinsa ba. Shin akwai marubucin da zai ce bai ga labari a nan ba?

Ku dubi tambayoyin da ke kwance a ƙasa ba mai ɗauka. Yaya Bakano ya ji ranar da ya fara fita atisaye a kan dusar ƙanƙara? Me ya faɗa wa zuciyarsa a cikin jirgin da ya sauke shi a Girka? Me 'yan kallon Tasalonika suka ce da suka gan shi sanye da rigarsu? Rovaniemi tana bakin da'irar Aktik, inda a watan Yuni rana ba ta faɗuwa, ga shi kuwa azumin 2017 daga ƙarshen Mayu ya kama zuwa ƙarshen Yuni. Yaya Musulmi yake sanin magariba a garin da ba dare? Kuma garuruwan da ya zauna ba ƙananan wurare ba ne a tarihin zamaninmu: Vladikavkaz maƙwabciyar Beslan ce inda aka yi wa 'yan makaranta kisan gilla a 2004, Kirimiya ita ce Rasha ta ƙwace a 2014, Kharkiv tana cikin biranen da suka fi shan ruwan bama-bamai tun daga 2022, Nikosiya kuwa birni ne da aka raba gida biyu. Mutumin da ya sha ruwan duk waɗannan wurare yana nan da ransa, yana jin Hausa kamar kowannenmu. Mun zaga layin 'yan littattafai a Sabon Gari da Bata, mun ga soyayya iri-iri, mun ga tarihin sarakuna da gwamnoni masu bango mai ƙyalli, amma idonmu bai faɗa kan ko ɗan ƙaramin littafi na Hausa a kan rayuwar ɗan ƙwallo irinsa ba. Wanda yake da shi ya aiko wa Edita, za mu fito a wannan shafi mu ba da haƙuri.

Mun san amsar farko da za a ba mu: ƙwallo wasa ce, adabi kuwa ba wasa ba ne. To dambe fa? Muhammadu Bawa Ɗan Anace bai ce dambe wasa ba ne ya ƙi yi wa Shago waƙa, ga shi yau ana nazarin waƙoƙinsa a jami'o'inmu, ana samun digiri da su. Ɗan Maraya Jos bai raina karen mota ba. Makaɗanmu na baka, waɗanda da yawansu ba su zauna a aji ba, sun gane cewa duk inda mutane suke zuba zufa da buri da kuka, nan ne fagen mai fasaha. Mu masu takardar shaida mu ne muka zo muka ware waɗanda suka cancanci alƙalami da waɗanda ba su cancanta ba. Kuma ko muna so ko ba ma so, yaron da ba ya zuwa laburare yana zuwa gidan kallo. In har muna son ya yi karatu, ai sai mu tare shi a inda yake.

Amsa ta biyu ita ce, in dai dole sai an yi, a rubuta na waɗanda suka ci nasara, kamar Ahmed Musa da ya ci ƙwallo huɗu a gasar kofin duniya ta 2014 da 2018. A rubuta mana, muna maraba. Amma yaron Kanya Babba da ke buga ƙwallo ba takalmi a filin firamare, in ma Allah ya sa ya fita waje, hanyar da ta fi kusa da shi ita ce ta aro da benci da ƙananan kulob a garuruwan da bai taɓa jin sunansu ba, kuma wannan ɗin ma sai mai babban rabo. Kaita fa yana cikin zaɓaɓɓun zaɓaɓɓu, duk da haka ga yadda tafiyar ta kasance. Rashin wannan sani yana cin dukiya da rayuwa. Muna da tsohon ɗalibi wanda mahaifinsa ya sayar da gona da shanun huɗa ya danƙa wa wani dillali da ya yi alkawarin kai yaron gwaji Turai. A wata ƙasar Larabawa aka yasar da shi, biza ta ƙare, ya yi kusan shekara biyu yana wankin mota a ɓoye kafin 'yan'uwa su haɗa kuɗin dawo da shi. Da uban ya taɓa karanta wa, ko an karanta masa, cewa tun 2001 dokar FIFA ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata sai bisa 'yan sharuɗɗa ƙalilan, da watakila gonar tana nan. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma mu ne muke riƙe da fitila muka ƙi kunnawa.

Amsa ta uku ta fi kowace ciwo: wai ya ba mu kunya, me za a rubuta a kansa? A 1998 David Beckham ya yi shuri irin wannan ga Diego Simeone, aka kore shi, aka cire Ingila, aka zage shi kamar ba gobe. Bayan shekara biyu aka ba shi kyaftin, littattafan da aka rubuta a kansa kuwa sun cika kanta. A 2006 Zinedine Zidane ya tunkuyi Marco Materazzi a wasan ƙarshe na duniya, Faransa ta rasa kofi, amma ba wanda ya ce tarihinsa ya tsaya a nan. Mutanensu sun zauna sun tambayi me ya kai gwani ga wannan, suka rubuta. Ai wurin tuntuɓen nan shi ne inda marubuci na gaskiya yake samun aikin yi. Matsalarmu ita ce mun mayar da rubutun tarihin mutum kirari. Sai mai kuɗi ko mai mulki, a jera masa yabo daga bango zuwa bango, a kira taron ƙaddamarwa, manyan baƙi su sayi kwafi ɗaya a kan maƙudan kuɗi, a watse, littafin ya tafi kwana a kabad. Wanda ya saba da wannan ciniki ba zai ga amfanin mutumin da ya faɗi ya tashi ya ci gaba da neman abincinsa a ƙasashen sanyi ba.

Masu cewa ba kasuwa kuma, muna tuna musu cewa haka aka ce kafin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da 'yan Raina Kama su nuna wa duniya cewa Bahaushe yana sayen littafi in ya ga kansa a ciki. An yi ta cacar baki a shekarun 1990 a kan adabin kasuwar Kano, amma ba wanda ya yi musun cewa an samu masu karatu. Yau ku shiga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar da Pillars take wasa, ku ƙirga kawuna, sannan ku dawo ku ce mana ba masu saye.

Kuma kada wani ya ce baƙon abu muka kawo cikin adabinmu. Ɗaya daga cikin tsofaffin zube na Hausa da aka buga da boko labarin matafiyi ne: Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bauta, ya yi wa Heinrich Barth hidima, ya je Landan da Balin a tsakiyar shekarun 1850, ya ba J. F. Schön labarinsa, aka buga a Magana Hausa a 1885. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya bar mana Motsi Ya Fi Zama. Abin kunyar shi ne, Dorugu sai da Bature ya zaunar da shi ya rubuta, haka ma Baba ta Karo sai da Mary Smith ta zauna da ita. Shin za mu sake jira wani ɗalibi ya taso daga Holan ko Finlan da rikoda ya zo Kano ya ɗauki labarin Kaita da Turanci, sannan bayan shekara talatin mu nemi izinin fassarawa?

Ga abin da muke kira a yi, kuma ba ya bukatar tallafin gwamnati. Kowane reshe na ƙungiya ya ɗauki ɗan wasa ɗaya na yankinsa. 'Yan Kano ga Kaita, ga Rabi'u Ali da ya zaɓi zaman gida, a jera rayuwar biyun a gani. 'Yan Kaduna ga Garba Lawal, ɗan tsakiya shi ma, mai lambar zinare ta Atlanta 1996, wanda ya bi ta Tunisiya da Holan da Bulgeriya da Suwidin da Fotugal da Girka da Sin, ga kuma Tijjani Babangida. 'Yan Sakkwato ga Shehu Abdullahi da ya zaga Kuwaiti da Fotugal da Saifurus da Turkiyya. A je a same su, a zauna da su ba sau ɗaya ba, a ji daga bakin kocinsu na unguwa da abokan tasowarsu. A tambayi kuɗi, a tambayi dillalai, a tambayi albashin da aka hana, a tambayi kaɗaici da ranar da aka fi jin kewar gida. A rubuta laifi a inda yake, a rubuta ƙoƙari a inda yake. Matasan marubuta da ke neman jigo, ga shi nan a ƙofar gidanku, kuma a kan hanya za ku yi wa harshen hidima, don har yau kalmomin ƙwallo da yawa suna yawo a baki ba wanda ya daidaita rubutunsu.

Kada kuma a yi jinkiri. Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, wanda ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a gasar kofin duniya a 1994, ya rasu a 2012 bayan ya daɗe a keɓe daga jama'a. Sai da ƙasa ta rufe shi kowa ya tuna yana da tambaya.

Mu dai a namu ɓangaren mun fara da abin da ke hannunmu. Mun koma aji mun zana taswira a allo, muka ja layi daga Kano zuwa Rotterdam, zuwa Krasnodar, zuwa Tasalonika, zuwa Aba, har Rovaniemi. Yaron da ya fara yin dariya shi ne ya tsaya bayan an tashi ya ce, "Malam, a wane littafi zan samu sauran labarin?" Ba mu da amsar da za mu ba shi, shi ya sa muka kawo ƙarar gabanku. Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, amin.

Daga Kanya Babba, Ƙaramar Hukumar Ɓaɓura, Jihar Jigawa.